Sharhi Kan Hidimar Kwamitin Zaman Lafiya na Janar Abdulsalami

Tun 2015, duk kakar zaɓen shugaban ƙasa, Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa kan tara 'yan takara a zaure ɗaya a Abuja, su sa hannu cewa ba zagi, ba tunzura magoya baya. Janar Abdulsalami Abubakar ne shugaba, Bishop Matthew Hassan Kukah ne mai haɗa taron, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar na cikin mambobi. Kwamitin ba shi da 'yan sanda, ba shi da kotu. Kwarjinin dattawan nan shi ne jarinsa.

Aikin hawa biyu ne. Ana sa hannun farko da an buɗe yaƙin neman zaɓe, inda ɗan takara zai yi alkawarin tsayawa kan manufa, ya guji taɓa addini da ƙabila, ya kuma fito fili ya tsawata wa nasa idan sun wuce gona da iri. Na biyu ana gab da jefa ƙuri'a: a karɓi sakamako, wanda bai gamsu ba ya tafi kotu. A zaɓen 2023 an yi na farko ran 29 ga Satumba 2022, na biyu ran 22 ga Fabrairu, saura kwana uku zaɓe.

Amfanin abin ya fi fitowa a 2015. Mutane ba su manta da 2011 ba, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka sama da 800 a Arewa cikin kwana uku. Ran 14 ga Janairu 2015 Jonathan da Buhari suka sa hannu a Yarjejeniyar Abuja gaban Kofi Annan, tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, da Emeka Anyaoku, tsohon babban sakataren ƙungiyar Commonwealth, daga nan ne ma kwamitin ya samo asali. Ran 26 ga Maris kwamitin ya sake zaunar da su, suka rungumi juna gaban kyamara. Hoton nan ya yi aikin da takarda ba za ta yi ba, don mai shayi da ɗan acaɓa ba su karanta yarjejeniyar ba, amma sun ga jagororinsu kafaɗa da kafaɗa suna murmushi. Ran 31 ga Maris, tun INEC ba ta kammala faɗin sakamako ba, Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna. Kwamitin ya cancanci yabo a nan, saboda ya buɗe ƙofar magana tsakanin mutum biyu da mabiyansu ba sa ga maciji.

Sai dai akwai gyara. Zuwa taron ganin dama ne: Atiku bai halarci na 11 ga Disamba 2018 ba sai washegari ya sa hannu, a Satumba 2022 kuma Kashim Shettima ne ya wakilci Tinubu. Kujerar babban ɗan takara in ta zama wayam, armashin taron ya ragu.

Babban giɓin kuwa a ƙasa yake. Ɗan takara ya sa hannu da safe, da dare sojojin baka na rediyo da masu Facebook da mawaƙan siyasa su ci mutuncin abokin hamayya da sunansa, shi kuma ya yi gum. Kwamitin ba ya iya hukunta kowa. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta irin waɗannan kalamai, har da tara ko ɗauri, amma gurfanarwa aikin INEC da 'yan sanda ne, kuma abin takaici ba kasafai ake yi ba.

Gyaran da ya fi sauƙi bai wuce biyu ba. Kwamitin ya riƙa fitar da rahoto kowane mako lokacin kamfe, yana kiran sunan jam'iyyar da ta saɓa alkawari da abin da aka faɗa. Sannan a fassara yarjejeniyar zuwa Hausa da sauran harsuna, a karanta ta a gidajen rediyo kafin shirye-shiryen siyasa na dare, a kuma sa shugabannin jam'iyya na ƙananan hukumomi su sa hannu gaban hakimi da limami da fasto, tunda a hannunsu 'yan jagaliya ke karɓar kuɗi.