Daben da za ka ɗora tankin ruwa a bayan gida: wanne zai ɗauke shi?

Yawancinmu idan za mu sayi tanki sai mu yi kwana uku muna ciniki a kan tankin kansa, wane kamfani, baƙi ko shuɗi, lita nawa, amma wajen da zai zauna sai ranar da mai a-kori-kura ya sauke shi a ƙofar gida sannan a ce wa yaron magini ya zo ya jera bulo. Ni ma haka na yi, kuma na sha. To ka yi lissafi da kanka, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 2,000 idan ya cika tan biyu ke nan, wato nauyin buhun siminti 40 a kan ɗan wajen da bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba. Na lita 5,000 kuwa buhu ɗari ne cif. Hatta masu hannu da shuni da ke sa bahon wankan ruwan zafin nan (jakuzi) a bayan gida a Abuja, lissafin ɗaya ne, sai dai su har da nauyin mutanen da za su shiga ciki.

Hanyoyin da mutane suke bi ba su wuce huɗu ba. Jera bulo a cike tsakiya da ƙasa a shafe sama da siminti, wannan shi ya karya ni, kar ma ka fara. Intalok kuwa, ƙananan bulon nan da ake shimfiɗawa a tsakar gida, na ƙawa ne da takawar ƙafa, kwance yake a kan yashi, damina biyu ruwa zai janye yashin ya lotsa. Sai kuma ƙafafun ƙarfe da masu walda suke haɗawa, shi kam yana da amfaninsa tunda ruwa zai sauko da ƙarfi ba sai da famfon lantarki ba, amma shi ma ai ƙafafunsa a cikin kankare ake binne su, ka ga ba ka tsere wa kankaren ba, ka dai ƙara wa kanka kuɗin fenti da fargabar tsatsa.

Nawa zaɓin shi ne daben kankare mai rodi a ciki, kuma ba na ɓoyewa. Ƙasan tankin roba shafaffe ne, so yake ko'ina a jikinsa ya samu abin da zai tokare shi daidai wa daida, da zarar wani gefe ya rataye a iska ko wata 'yar tsakuwa ta tsaya a ƙarƙashi to nan zai fara tsagewa, ba ranar ba, sai bayan wata takwas ka tashi da asuba ka ga tsakar gida ta zama fadama. Kankare ne kaɗai ke ba ka shimfiɗa ɗaya wadda ba ta motsi.

Ga yadda nake so a yi shi. A haƙe ƙasar sama, baƙar nan mai saiwoyi da shara, har a kai ga mai tauri, a zuba burji a yayyafa ruwa a daddake shi sosai, kaɗan-kaɗan ba a juye tifa guda a tattaka da ƙafa a ce an gama ba. Idan unguwarku ƙasar laka ce mai kumbura da damina ta daddare da rani, irin wadda ake fama da ita a sassan Borno da Adamawa da Gombe, to haƙan ya ƙara zurfi, burjin ya ƙara kauri. A shimfiɗa leda a kai don kar ƙasa ta shanye ruwan kwaɓin. Kafinta ya kafa katako, faɗin ya zarce na tankin da kamar taku ɗaya ta kowane gefe. Kauri inci shida, wato santimita 15, wasu za su ce maka inci huɗu ya isa, eh yana iya isa ga ƙaramin tanki a ƙasa mai kyau amma bambancin bai wuce buhu ɗaya da rabi ba, ni ba zan yi rowar wannan ba. Rodi mai lamba 10 ko 12, wato kaurin milimita 10 ko 12, a ɗaure shi kamar raga, tazarar santimita 20, kuma a ɗaga shi da 'yan gutsattsarin kankare waɗanda magina ke kira biskit, don rodin da ya kwanta a kan leda daidai yake da babu.

Kwaɓi kuwa 1:2:4. A yaren lebura, buhu ɗaya na siminti, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, tunda buhu ɗaya kusan kwano biyu ne. Daben mita 2 da mita 2 mai kaurin inci shida zai ci wajen buhu huɗu. Riƙe wannan lambar a kanka, za ta yi maka rana. Bayan an zuba a caccaka shi da sanda ko guntun rodi iska ta fita, a ja saman ya kwanta lebur, sannan ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, a lulluɓe da buhunan algarara jiƙaƙƙu musamman in hunturu ne ko zafin Maris da Afrilu, don iskar nan tana busar da shi kafin ya nuna. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, saboda haka in za ka iya haƙuri kar ka cika tankin a satin farko, ka ci gaba da sayen ruwan 'yan garuwa na ɗan lokaci ba za ka mutu ba.

Maganar wane siminti, mutane suna ta musu a kan Dangote da BUA da Ashaka kamar ƙwallo. Ni duk wanda ya fi kusa da kai kuma sabo ne ka saya, ka dai duba lambar ƙarfinsa a jikin buhun, akwai mai 32.5 akwai mai 42.5, na biyun ya fi dacewa da abin da zai ɗauki nauyi. Matsalar ba a sunan kamfani take ba, a hannun da buhun ya bi kafin ya iso gare ka take.

Nan ne fa nake so ka buɗe kunne. Akwai masu farke buhu su ɗebi mudu biyu uku su mayar su liƙe, buhun da ya kamata ya yi kilo 50 sai ka ga yaro ya ɗaga shi da fara'a. Akwai masu tara wanda ya sha danshi ya dunƙule, su farfasa su tankaɗe su sake durawa a buhu mai kyau, ido ba zai gane ba sai ka zura hannu, siminti mai rai laushi gare shi kamar garin fulawa, in ka ji ƙurajen da ba sa murƙushewa tsakanin yatsu ka bar musu kayansu. Kuma kar ka sayi wanda aka jibge a ƙasa jikin bango tun bara don an rage maka ɗari biyar.

Rodi ya fi kowanne cuta. Za a ce maka 12 ne alhali da ƙyar ya haura 10, tsawon da ya kamata ya zama mita 12 a ba ka wanda aka gutsure. Ido ba ya raba wannan gardamar, sikeli ke rabawa: cikakken rodi mai lamba 12 yana yin kilo goma da rabi da 'yan kai, mai lamba 10 kuma kilo bakwai da kusan rabi. Duk ɗan kasuwar da ya ɓata rai don ka ce a auna, ka gode masa ka wuce shago na gaba. Yashi ma haka, direban tifa zai rantse maka na kogi ne, kai dai ɗebi kaɗan a gorar ruwa ka cika ka girgiza ka ajiye, yashin zai kwanta ƙasa laka ta hau kansa, in ka ga layin lakar ya yi kauri to kankarenka zai yi ta gari kamar tuwon da bai dahu ba.

Sai uwa uba, ranar aikin kanta. Ni nawa maginin mutumin kirki ne a fuska, har gaisawa muke a masallaci, ya ce Alhaji je ka kasuwa kar rana ta dake ka, kafin la'asar an gama. Na bar masa buhu biyar. Da tankin ya karkace bayan damina ya tsage ta ƙasa, ya kuma tura katangar maƙwabci har sai da na biya gyara, muka fasa daben sai ga shi kaurinsa bai kai yatsu uku ba, ƙarƙashi duk ɓaraguzan bulo da ledar fiyawata, kuma ashe rabinsa a bakin tsohon sokawe ya ɗora shi. Siminti biyar ɗin Allah kaɗai ya san gidan da suka gina. Tun daga nan nake ɗaukar kujera in zauna a wajen, a farke kowane buhu a gabana, in ƙirga kwanon yashi da bakina, in kuma tattara buhunan da aka juye in kai ɗaki. Ka lura da ruwa ma, leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa kamar kunu don ya fi sauƙin ɗiba da shebur, shi kuwa ruwan da ya yi yawa ƙarfin kankaren yake ci, in ka ga yana malala da kansa ka tsayar da su. Kuma kar ka tashi sai an rufe rodin gaba ɗaya, don an sha zare shi bayan mai gida ya ɗauki hoto ya tafi sallah.

Kuɗin aiki ka yi jinga da shi amma kayan kai za ka sayo da ƙafarka, kar ka haɗa masa duka ka ce ya ji da komai. Ka riƙe wani abu daga cikin kuɗinsa sai an cire katako ka ga gefen daben da idonka, in ya fito da ramuka kamar saƙar zuma to ba a caccaka ba, ya gyara kafin ya karɓi cikon. Wanda na sake yi yanzu shekararsa huɗu da tankin lita 3,000 a kai, ko tsagar gashi babu, yara ma a gefensa suke zama suna cin gyaɗa da yamma.