Shagon cike fom na wajen Kabuga, ga abin da na gani

Tunda mutum uku sun tambaye ni inda na je na tura takarduna na neman gurbin digirin digirgir, bari kawai in rubuta a nan kowa ya huta. Ɗan shago ne a wajen Kabuga a Kano cikin layin masu fotokwafi, ba zan kama suna ba.

Gurbin da na nema a Holan yake, bincike ne kan manufofin gwamnati na ƙirƙire-ƙirƙire da yadda manhajojin intanet za su taimaka wajen warware matsalolin al'umma. Abin da ya ja ni shi ne a can mai yin digirin digirgir, wato PhD, ma'aikacin jami'a ne, albashi ake biyansa duk wata har shekara 4, shi ya sa ma ake tallata guraben kamar aiki a shafukan intanet na AcademicTransfer da EURAXESS. Ni ba lakcara ba ne balle in sa rai da TETFund, asusun gwamnati da ke ɗaukar nauyin karatun lakcarori, to dole in leƙa waje.

Ta fannin aiki dai gaskiya sun burge ni. Sola gare su, an ɗauke wuta sau biyu ina zaune ko fanka ba ta tsaya ba, netwok ɗinsu kuma yana ja. Yaron da ke kan kwamfuta, wanda ba zai wuce shekara ashirin ba, shi ne ma shagon wallahi. Fotal ɗin da ake tura takardun ya ƙi karɓar tiransikirif ɗina saboda nauyi, cikin minti biyu ya rage shi kuma rubutun bai dushe ba. Yana cikin sikanin ya ɗago ya ce "Malam, sunan da ke fasfonka da na satifiket ɗin mastas ba su zo ɗaya ba fa, a nan an sa sunan kaka, a nan babu." Shekara nawa ina yawo da takardun nan ban taɓa lura ba! Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa na dawo washegari.

Inda muka saɓa shi ne da mai shagon. Yana jin Turai ya matso da kujera, wai Yallaɓai kawo dubu arba'in akwai furofozal, wato tsarin binciken da za ka yi, a ƙasa, sunanka kawai za mu sa. Na ce mu gani. Shafi biyar ne na turanci mai daɗin baki, birni mai wayo, fasahar zamani, kaza da kaza, amma ko sau ɗaya ba a ambaci wata kasuwa ko wata doka ko wani ɗan adam ba, kuma daga gani an sayar wa wasu kafin ni. Ko ka tsallake Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ina za ka kai intabiyu, farfesoshi sun zuba maka ido a Zoom suna tambayar me ya sa ka zaɓi wannan hanyar binciken? Ni abin da na rubuta a gabanmu ya faru. Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, 'yan Kantin Kwari da masu hatsi a Dawanau da da ba sa yarda da tiransifa suka koma POS da OPay da Moniepoint don dole, alhali watanni kaɗan kafin nan, a Oktoban 2022, Buhari ya sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha. Tambayata ita ce tsakanin doka da wahala wanne ya fi tura mutane kan manhaja, kuma wa aka bari a baya, musamman tsofaffi da matan da ke sana'a a cikin gida ba su da asusun banki. Wannan ba wanda zai rubuta maka shi a shago.

Sannan ya ce min wai na wuce shekarun neman tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai, wanda ba haka ba ne, babu iyakar shekaru, sharaɗin dai kar ya zama kana da digirin digirgir, kuma kar ya zama ka zauna a ƙasar da za ka yi karatun fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce. Da na biye masa da na haƙura.

Wani abu kuma da bai min ba, na hango fasfo da satifiket ɗin mutane birjik a kan fuskar kwamfutar, kowa ya zauna zai iya buɗewa. Na tsaya sai da yaron ya goge nawa a gabana har cikin kwandon shara.

Maki uku cikin biyar na ba su, kuma biyu daga ciki na yaron ne. In za ku je ku je da safe kafin ɗalibai su cika wurin, ku tafi da filashinku. Ni dai yanzu imel nake ta dubawa, yau kwana goma sha ɗaya.