Rumfar aduwa a Sabon Gari: buhu uku, ɗanɗano uku

Inna ce ta aike ni. Tun shigowar sanyi take cigiyar aduwa, wai cikinta ya ɗaure, ita kuma ba ta ga maciji da ƙwayar kemis. Aduwa ba ta cika yawa a dajin Zazzau ba. Ruwanmu ya yi mata yawa, mukan samu kusan milimita 1,000 a shekara, ita kuwa ta fi son ƙasa irin ta Nguru, inda da ƙyar ake samun rabin haka. Sai na nufi kasuwar Sabon Gari, wajen masu kayan gargajiya, na tsaya gaban wani dattijo mai buhu uku, kowanne an naɗe bakinsa.

Na ce, "Baba, a auna min mudu ɗaya."

Ya ce, "Wacce daga ciki, ɗana?"

Ni a wurina ai aduwa aduwa ce. Bai yi gardama ba, ya ɗebo ɗaya daga kowane buhu ya jera min a tafin hannu. Ta farko, wadda ya ce daga Nguru take, doguwa ce kamar dabino. Ɓawonta na fashewa da ɗan matsi, namanta na manne wa yatsa, zaƙi ne ke fara zuwa kafin ɗaci ya biyo baya. Ta Maigatari gajera ce, kusan zagaye, ƙwallo ya cinye wuri, naman ɗan kaɗan. Ta uku ta Damagaram ce, ƙarama, duhu-duhu. Na tsotsa sau ɗaya, ɗacinta bai bar maƙogwarona ba har na hau Keke Napep. Ita masu jiƙo suka fi saye, in ji shi.

Wannan rarrabewar ce ta sa nake yaba rumfar. Wasu cakuɗawa suke yi, abin da ka samu rabonka ne.

Baba ya ce ƙasa ce ke kawo bambancin. Da gaskiyarsa, amma ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandare na san akwai gado a ciki. Ba a yi wa aduwa aure kamar mangwaro, a daji take fitowa daga ƙwallon da awaki da raƙuma suka yar, ƙwari kuma su ke kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Don haka kowace da irin halinta. Masana na kiranta Balanites aegyptiaca, tana nan tun daga Senegal har Sudan da Masar da ƙasar Larabawa, wani wuri doguwar bishiya, wani wuri dunƙulen ƙaya da bai wuce tsayin mutum ba. Ɗacin nan kuwa na sinadarin safonin ne, shi ke sa ɓawon bishiyar kumfa in an cuɗa shi a ruwa, kuma yawansa ba ɗaya ba ne a kowace bishiya. Da na zube ta Nguru a faifai a gida, sai ga 'yan zagaye sun fi goma a cikin dogayen. Gari ɗaya ke nan fa.

Rumfar na da nata aibi. A ƙasan mudun na tsinci masu huji da yawa, ƙwaro ya riga ni. Man aduwar da yake sayarwa a tsofaffin gorunan ruwa yake, babu takarda, babu ranar da aka tatsa. Sannan bakinsa bai tsaya ba sai da ya ce tana raba mutum da ciwon suga har abada. Nan na ce, "Baba, wannan kam a bar wa likita." Ya yi dariya ya ƙara min gyara. Kuɗinsa ya ɗan ɗara na maƙwabtansa, kuma ba ya ragi.

Rabin mudun Nguru na saya, da rabin na Damagaram. Inna ta jiƙa ta Damagaram yadda ta saba jiƙa mai zaƙi, hannu guda a kofi, ta kwana tana zaryar bayan gida. Da safe ta ce in zan koma in gaishe shi, kuma in tambaye shi guda nawa ake sakawa.