Ɗan littafin Hanyar Gicciye na waɗanda suka tsira daga yaƙin basasa

Wata 'yar'uwa a coci ce ta miƙo min shi a farkon Azuminmu na Kirista, ɗan ƙarami ne har aljihu yana shiga, ni kuwa na ɗauka irin wanda muka saba ne. Ashe ba haka ba. Matakai 14 ɗin nan na shan wahalar Yesu suna nan yadda suke, daga hukuncin da gwamna Bilatus ya yanke masa har kabari, amma kowanne an haɗa shi da abin da mutane suka gani da idonsu a yaƙi, sai gajeriyar addu'a a ƙasa.

Na 11 ne ya tsayar da ni, inda aka buga wa Yesu ƙusa. Nan aka kawo mutanen Saliyo da 'yan tawayen RUF suka datse wa hannu a yaƙin 1991 zuwa 2002, kuma addu'ar ba ta fara da "ku yi haƙuri" ba, roƙo kawai take Ubangiji da aka huda wa hannu ya riƙe wanda ba shi da hannun da zai ɗaga sama. Sau uku na karanta. A na 8 kuma, wajen matan Urushalima da suka yi wa Yesu kuka, sai ga matan Laberiya da suka sa fararen kaya a 2003, Kirista da Musulmi, suna zaman addu'a a rana har aka yi sulhu.

Babanmu ya yi soja a yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, kuma tunda muka taso bai taɓa ba mu labari ba ko sau ɗaya. Ina karanta masa da yamma, da na zo na 9, faɗuwar Yesu ta uku, inda ake maganar yaran da yunwa ta kumbura wa ciki a Biyafara sai ya ɗaga min hannu. Ya cire tabarau yana ta gogewa da bakin riga, can ya ce "maimaita, 'yata". Na maimaita murya na rawa, shi ya ce amin.

Amma fa akwai gyara. Rubutun ya yi ƙanana sosai, alhali tsofaffi ne suka fi bukatarsa, Baba ko layi ɗaya ba ya gani. Sannan shafin gafara na ƙarshe an yi shi a gurguje, an ɗauko Luka 23:34, inda Yesu ya roƙa wa waɗanda suka gicciye shi gafara, an rufe zance kamar abu ne na kwana ɗaya, bayan duk littafin ya bi mutum a hankali. Wannan ya dame ni gaskiya. Kuma don Allah kar a ba wanda ciwonsa ɗanye ne ya karanta shi kaɗai cikin dare, a zauna tare da shi, ko a kira fasto ko fada.

Duk da haka zan nemi wani, don nawa Baba ya saka cikin Littafi Mai Tsarkinsa ya ce in zo Juma'a mu ci gaba daga na 10.