Dunƙulen gawayin buntun shinkafa: akwai zafi, amma toka ta ɓata shi

Wannan dunƙulen gawayin mai rami a tsakiya da ake yi da buntun shinkafa, da farko ya burge ni. Ba ya tartsatsi irin na gawayin itace, in ya kama hayaƙinsa kaɗan ne. Kamawar ce sai da haƙuri: a jera shi a tsaye ramin na kallon sama, a sa ɗan gawayin itace a ƙasa, a yi ta fifita.

Matsalarsa toka. A girkin wake, tun kafin ruwan farko ya tsotse ta toshe ramukan kurfoti kaf, iska ta daina shiga, wuta ta kwanta alhali dunƙulen bai cinye ba. In ka fasa shi, cikinsa baƙi ƙirin. Dole a sauke tukunya, a girgiza murhu, a sake hurawa. Dama haka buntu yake, kusan kashi 20 cikin ɗari nasa toka ne, yawancinta sinadarin yashi da ba ya ci da wuta, kuma in an babbaka shi a duro don ya zama gawayi kason ya ƙara hawa. Wannan ba laifin mai yi ba ne. Laifinsa lakar da ya zuba don ya rage kuɗin sitacin da ake haɗa garin gawayin da shi ya dunƙule, shi ya sa tokar ke fitowa ja-ja, da nauyi, in ka murza ta kana jin ƙasa. Alhali sitacin rogo kashi 5 zuwa 10 na nauyin garin gawayin, a dama shi da tafasasshen ruwa kamar koko, ya isa ya riƙe. Da ya gauraya buntun da ɓawon gyaɗa ko totuwar masara rabi da rabi, da tokar ta ragu sosai.

Ga mai shayi ko mai gasa masara da ke son wuta a hankali, ya yi, har na so in ce a saya. Sai dai na ƙasan buhun ɗanye ne, tun bai gama shan rana ba aka ɗure shi, ya yi fumfuna yana warin tsami, wani ma ya marmashe. Kuma da kilo ake sayarwa, wato har laka da ruwa mutum ya biya. Kafin a ba da kuɗi, a zaro ɗaya daga ƙasan buhu a sake shi daga tsayin ƙugu kan siminti. In ya tarwatse, a bar musu kayansu.