Spirulina ko chlorella: amsar tambayar Hajiya daga Daura

Hajiya, kin ce ana tallata miki garin spirulina da ƙwayoyin chlorella, kina son sanin wanne zai taimaka wa maigida da likita ya ce kitsen jininsa ya hau, da ke kanki da ake cewa jininki ya yi ƙasa. A ganinmu spirulina ce ta fi dacewa da gidanku, amma sai kin san iyakarta kafin ki fitar da kuɗi.

Dukansu ƙananan halittun ruwa ne masu kama da gansakuka, waɗanda ido ba ya ganin ɗayansu sai sun taru. Spirulina tana rayuwa ne a ruwan kanwa. Shi ya sa take fitowa da kanta a tafkunan yankin Kanem na ƙasar Chadi, inda matan Kanembu suka daɗe suna kwashe ta, su zuba a ramin yashi ta tsane, ta bushe, su yanka ta gutsi-gutsi su sa a miya. Suna kiranta dihe. Chlorella kuwa ta ruwan daɗi ce, kuma an fi noma ta a Japan da Taiwan.

Babban bambancinsu yana ga ɓawo. Na spirulina laushi gare shi, ciki yana narkar da shi ba wahala. Na chlorella tauri gare shi ƙwarai, sai an fasa shi da inji a masana'anta, in ba haka ba yawancinta haka za ta wuce ba ta amfani jiki ba. In kwalba ba ta nuna an fasa ɓawon ba, ajiye ta. Ko wadda aka fasa tana sa wa wasu kumburin ciki da zawo a makon farko, kuma bayan gida yakan koma kore, wanda ba abin tsoro ba ne.

Ta fuskar furotin, spirulina tana da kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, chlorella 50 zuwa 60. Masu talla a nan suke tsayawa. Amma abin da mutum ke sha a rana ƙaramin cokalin shayi ne, wajen giram 3, wato furotin giram 2. Ƙwai ɗaya yana ba da giram 6.

Haka batun ƙarin jini. Cokalin nan na spirulina bai kai miligiram 1 na sinadarin ƙarfe ba, alhali ƙwayar da ake ba mata a wajen awo tana ɗauke da miligiram 30 zuwa 60. Saboda haka, Hajiya, ki fara zuwa Babban Asibitin Daura a gwada PCV, wato gwajin yawan jini, a gano me ya jawo: maleriya ce, tsutsar ciki ce, ko yawan zubar jinin al'ada. Gari ba ya toshe inda jini ke zuba. Sannan bitamin B12 da ake rubutawa a jikin kwalbar spirulina, yawancinsa wani nau'i ne da jikin mutum ba ya amfani da shi. A nan chlorella ta ɗan fi ta.

Game da maigida, gwaje-gwajen da aka yi kan mutane masu shan giram 1 zuwa 8 a rana na wasu watanni sun nuna spirulina tana ɗan rage kolestarol da kitsen jini, wani lokaci har da hawan jini kaɗan. Ragin ba shi da yawa, kuma gwaje-gwajen ƙanana ne. Ya ci gaba da maganinsa, ya rage man gyada da soye-soye, garin ya zama ƙari. In yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, chlorella ba tasa ba ce, domin tana da bitamin K mai yawa da ke karya ƙarfin maganin. Mai ciwon gawut (wani ciwon kumburin gaɓoɓi), da mai ciwon ƙoda, da wanda garkuwar jikinsa ke yaƙar jikin nasa, da mai juna biyu, duk sai da izinin likita.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda aka noma ta. Waɗannan halittu suna tsotse dalma da sauran gubar ƙarfe daga ruwa, kuma in wata muguwar gansakuka ta shiga kududdufin, garin yakan ɗauki gubar da ke lahanta hanta. Ido ba ya rarrabewa. Kada ki sayi wanda aka ƙulla a leda ba suna. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

In kin saya, fara da rabin cokali na mako guda, sannan cikakke. Zafi yana lalata shuɗin sinadarin da ke cikin spirulina, don haka kada ta shiga tukunya a kan wuta. A dama ta cikin fura da nono, ko kunun da ya huce. Tsamin nono yana danne ƙarnin. A rufe kwalbar sosai, a ajiye nesa da rana da murhu, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Garin kirki kore ne shar mai duhu. In ya koɗe zuwa ruwan ƙasa ko ya dunƙule, ya sha danshi, a zubar. In kuwa kuɗin ya yi miki nauyi, zogale da wake da hanta da ƙwai za su yi miki aikin ƙarin jinin da arha.