Ferrari World Abu Dhabi: Formula Rossa ke da suna, Flying Aces ke da aiki

Duk wanda ya saba bin wuraren wasa saboda jiragen lilo, waɗannan da ke gudu a kan dogon ƙarfe suna hawa suna gangarowa da mutane ɗaure a kujeru, ya san abin da ke kai jama'a Ferrari World. Tun Nuwamban 2010 da aka buɗe wurin a tsibirin Yas na Abu Dhabi, sunan Formula Rossa ne ke janyo baƙi daga ko'ina, domin shi ne ya ƙwace kambin gudu daga jirgin Kingda Ka na jihar New Jersey a Amurka, wanda a lokacin iyakarsa kilomita 206 cikin sa'a, ya ɗaga shi zuwa 240. Ni ma saboda shi na sayi tikiti. Sai dai bayan na hau manyan jiragen da ke wurin, abin da na tsaya a kai shi ne Formula Rossa ya cancanci a yi tattaki dominsa, amma jirgin da ya fi ƙwarewar tsari da daɗin hawa a wannan gida shi ne Flying Aces, kuma wanda ya tafi bai hau shi ba ya bar rabin kuɗinsa a ƙofa.

Ginin kansa abin kallo ne tun daga nesa. Wani jan rufi ne shimfiɗeɗe mai ɗauke da tambarin Ferrari da ya kai mita 65, yana maƙwabtaka da filin tseren Yas Marina inda ake gasar Formula 1 ta Abu Dhabi tun 2009. Amfanin wannan rufi ya wuce ado, domin a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, kusan duk yawo da cin abinci da bin layi a cikin sanyin na'ura ake yin su. Manyan jiragen kuwa kan fita waje da mutum na ɗan lokaci su dawo da shi inuwa. Daga Dubai tafiyar kamar sa'a ɗaya ce a mota, kuma akwai mashiga ta cikin kasuwar Yas Mall.

Kafin a zauna a Formula Rossa, ma'aikata kan miƙa wa kowa tabarau mai roba da ke kama kai, kuma ba a tashi sai sun duba cewa kowa ya saka nasa. Dalilin a bayyane yake: a irin wannan gudu, ƙwayar rairayi ko ɗan ƙwaro a iska yana iya yi wa ido illa. Jirgin ja ne, an ƙera shi da siffar motar tsere, yana ɗaukar mutum 16. Yakan fito daga tasha a hankali ya tsaya a bakin wani miƙaƙƙen dogo, sai a ji ƙugiyar ƙasa ta kama shi, ya ɗan ja baya kaɗan, sannan shiru. A wannan ɗan tsaiko ne za ka ga mutanen da suka cika layi da surutu sun ƙanƙame ƙarfen gabansu, wasu na motsa leɓe da addu'a. Injin da ke fizgar jirgin yana aiki ne da matsin mai, yana naɗe igiyar ƙarfe da ƙarfin gaske, kuma cikin daƙiƙa 4.9 ake kaiwa kilomita 240 cikin sa'a. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fizgar ba ta sassautawa. A yawancin jiragen da ake harbawa, bugun farko ne ke da nauyi, daga nan jiki ya saba. A nan kuwa, lokacin da ka zaci an kai ƙarshe sai ka ji ana ƙara wuta, kumatu na karkarwa, iska na danne ƙirji har ihun ma ya ƙi fita. A layin gaba abin ya fi tsanani nesa ba kusa ba, kuma ya cancanci ƙarin jiran da ake yi dominsa.

Abin da ke biyo baya ne ke raba ra'ayin masu wannan sha'awa. Da zarar jirgin ya fara hawan tudun farko mai tsayin mita 52, akwai birkin maganaɗisu da ke rage masa gudu, don haka ɗagawar da mutum ke tsammani a ƙololuwa ba ta kai yadda ido ya hango ba. Sauran dogon, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2, manyan kwanoni ne masu faɗi da ke bin ƙasa, da wasu ƙananan tuddai kusa da ƙarshe, kuma babu inda ake kifa mutum. An ce filin tseren Monza na Italiya aka kwaikwaya, kuma lalle ana jin haka, domin kwanonin suna matse jiki a kujera kamar yadda direban tsere ke fama. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, tunda gudu irin wannan ba ya yarda da ƙaramar kwana sai an wahalar da jikin ɗan Adam fiye da kima. Amma gaskiyar magana, daƙiƙu biyar na farko su ne jirgin, ragowar minti ɗaya da rabin kuwa rakiya ce. Yanzu da Saudiyya ta gina jirgin Falcons Flight a Qiddiya kusa da Riyadh, wanda aka tsara shi ya kai kilomita 250 cikin sa'a, Formula Rossa zai dogara ne da ingancin wannan fizga tasa, kuma a ganina tana da abin da za ta riƙe shi.

Flying Aces kuwa, wanda aka buɗe a 2016, daga farkonsa har ƙarshensa babu inda ya yi sanyi. Kamfanin Intamin da ya ƙera Formula Rossa shi ne ya ƙera wannan ma, amma da wata manufa dabam. An jingina shi da tarihin Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin Italiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ke zana doki mai tsalle a jikin jirginsa kafin a kashe shi a 1918. Mahaifiyarsa ce daga baya ta ba Enzo Ferrari shawarar ya sa dokin a motocinsa, kuma shi ne tambarin kamfanin har yau. An shirya hanyar layin kamar sansanin mayaƙan sama na wancan zamani, saboda haka mai jira yana fahimtar labarin tun kafin ya ga kujera. Kowane jeri na da kujeru huɗu, biyu na tsakiya a kan dogo, biyu na gefe kuma sun zarce shi, ƙafafun mai zama suna reto babu komai a ƙarƙashinsu. Wanda ke son sanin ainihin jirgin ya nemi kujerar gefe a jerin baya.

Hawan farko kaɗai ya isa labari. Maimakon sarƙar nan mai ƙarar ƙas-ƙas da ke jan jirgi a hankali, igiya ce ke fizgar wannan zuwa tsayin mita 63 a kan gangare mai karkatar digiri 51, da saurin da ba ya barin mutum ya gama kallon tsibirin da ke ƙasa. Daga nan sai faɗowa a karkace, gudu ya kai kilomita 120 cikin sa'a, a shiga wani zobe mai tsayin mita 52 wanda a samansa dogon ke murɗewa ya miƙar da mutum zaune maimakon ya bar shi a kife. Bayan zoben, tuddai da kwanoni ke bin juna babu hutu, kowane tudu na ɗaga cinya ta bugi ƙarfen da ke riƙe da ita, kowace kwana na wurga na kujerar gefe waje kamar guga a bakin rijiya. Can kusa da ƙarshe akwai juyi guda da ke mirgina jirgin gaba ɗaya a hankali, har mutum ya ji nauyinsa ya rataya a kan abin ɗaurin. Gudunsa rabin na Formula Rossa ne, amma kowace mita ta dogonsa mai tsawon kilomita 1.5 tana da aikin da take yi, kuma shi ne jirgin da na fi marmarin komawa layinsa.

Sauran ba su kai waɗannan biyu ba, ko da yake ba a raina su. Turbo Track na 2017 yana harba mutum daga cikin ginin ya ratsa rufi a tsaye zuwa mita 64, sannan ya dawo da baya, kuma kafin a ankara an gama. Mission Ferrari na 2023 ya haɗa dogo da manyan allunan bidiyo da labarin leƙen asiri, yana da wani wuri da motar ke zamewa ta gefe ba zato, abin da ba a cika samu a wasu wurare ba. Fiorano GT Challenge dogo biyu ne da motoci ke tsere kafaɗa da kafaɗa, ya dace da wanda ke son gwada zuciyarsa kafin ya tunkari manyan. Yara suna da sashensu da ƙaramin Formula Rossa Junior, domin babban ba ya karɓar wanda tsayinsa bai kai santimita 140 ba.

A nan ne ya kamata mai iyali ya yi lissafi. Tikitin ba mai araha ba ne, kuma darajarsa tana cikin manyan jiragen. Idan yawancin 'yan tafiyar ƙanana ne ko dattawan da ba za su hau ba, wurin wasa na Warner Bros. World da ke kusa ya fi yawan abin da kowa zai shiga tare, kuma ana sayar da tikitin da ya haɗa wuraren tsibirin fiye da ɗaya. Game da abinci, gidan Mamma Rossella na yin fiza da taliyar Italiya masu kyau a kan farashin da aka saba gani a irin waɗannan wurare, kuma hikima ita ce a ci bayan an gama da manyan jiragen. Akwai ɗakunan salla a ciki, saboda haka azahar da la'asar ba sa tilasta wa kowa fita.

Wanda ya saba da babbar riga da hula ya bar su a masauki ranar, ya sa tufafin da suka kama jiki da takalmi mai igiya, domin ba a hawa da duk abin da iska za ta iya ɗauka, har da waya da makullai. Mata su zaɓi ƙaramin hijabi da za a iya cusa bakinsa cikin riga a maimakon dogon mayafi. Tsakanin Nuwamba da Maris ne yanayi ya fi daɗi, ranakun aiki sun fi Asabar da Lahadi sauƙin layi, kuma tunda gyara ko iska mai ƙarfi kan sa a dakatar da jiragen da ke waje, a duba shafin wurin a intanet a tabbatar Formula Rossa da Flying Aces suna aiki a ranar kafin a biya kuɗin tikiti.